Jirgi Ba Matuƙi: Amanar Rayuka Tana Wuyan Wa?

 

Yau za mu yi magana a kan abin da ke wucewa bisa kawunanmu. Wani lokaci kana cikin gona, sai ka ga wani farin zare ya ja a sararin sama, can daga baya ka ji ƙugi. Jirgin sama ke nan. Yana nesa da ƙasa kamar kilomita 10 ko fiye, yana gudun kilomita 800 ko fiye a awa guda. Tafiyar da mota ke yi daga Tasawa zuwa Maraɗi, shi bai cika minti goma ba ya gama ta. A cikinsa akwai mutum 200 ko 300, wasu suna barci, wasu suna cin abinci. Can gaba, cikin wani ɗan ɗaki mai ƙofa a kulle, mutum biyu suna zaune. Su ne matuƙa.

To, masu ƙera jirage da masu kamfanonin sufuri sun daɗe suna shawarar rage waɗannan mutum biyu. Da farko a bar guda. Daga baya, in ta yiwu, a bar jirgi ya tuƙa kansa, ba kowa a gaba. Wani zai ce: ina ruwan mai noman hatsi da wannan magana? Da ruwansa. Duk wanda Allah ya hore wa zuwa Makka, jirgi zai shiga. Ƴaƴanmu da ke neman kuɗi ko ilimi a ƙasashe masu nisa, jirgi ke maido su. Kuma tambayar da ke ciki ta girmi jirgi: in an ba ka amanar rai, kana iya miƙa ta ga abin da ba shi da rai?

Bari mu fara da abin da muka sani. Kowa ya san jakin da ya saba da hanya. Ranar kasuwa, da almuru, mai amalanke ya gaji. Ya ɗora kayansa, ya hau, ya saki igiya. Kafin a bar gari barci ya kwashe shi. Jakin bai ɓata ba. Ya bi hanyar da ya saba, ya kauce wa rami, ya zo ƙofar gida ya tsaya. Sau ɗari ana haka, sau ɗari ana isowa lafiya. Cikin duhu ma, sau da yawa jakin ya fi ubangijinsa sanin hanya.

Amma ranar da ruwa ya yanke hanya fa? Ko ranar da wani ya yi shuka a inda ake bi da? Jakin zai tsaya, ko kuwa ya kutsa cikin hatsin mutane. Da safe mai gona zai kai ƙara wurin mai gari. Wa za a kira? Ba mu taɓa jin an gurfanar da jaki gaban mai gari ba. Mai amalanke ake kira. In ya ce, “Ai barci nake yi, jaki ne ya yi ɓarna,” dariya za a yi masa, kuma sai ya biya. Kowa ya yarda jaki ya iya hanya. Ba wanda ya yarda jaki ya iya ɗaukar laifi. Ku riƙe wannan misali, za mu komo kansa.

Jirgin sama ma yana da jakinsa. Wata na'ura ce, za mu kira ta matuƙin ƙarfe. A jikin jirgi, ta waje, akwai ƴan ƙananan bututu da ma'aunai. Wani yana auna ƙarfin iska, ya faɗi gudun jirgi. Wani yana faɗin nisansa da ƙasa. Wani yana faɗin ko ya karkata. Duk waɗannan labarai suna zuwa wurin kwamfuta, wato na'ura mai lissafi. Ita kuma sai ta motsa gefen fukafukai da wutsiya, ta ƙara wa inji mai ko ta rage. Matuƙi yana gaya mata inda za a, ita tana riƙe hanya.

Abin ba sabo ba ne. A 1914, a birnin Faris na Faransa, wani saurayi Ba'amurke mai suna Lawrence Sperry ya wuce gaban taron jama'a cikin jirgi, hannuwansa biyu a sama, abokin aikinsa yana tsaye bisa fiffike, jirgin bai karkace ba. A lokacin jirgi bai ma taɓa sauka a ƙasar Hausa ba, a Kano ma sai a watan Nuwamba na 1925 jiragen sojan Ingila guda uku suka sauka. A 1947 wani jirgin sojan Amurka ya ƙetare babban tekun Atlantika zuwa Ingila, ya tashi ya sauka, duk na'ura ce ke tuƙi. Cikin shekarun 1960 jiragen fasinja suka fara sauka da na'ura. A ƙarshen 2019, a garin Tulus na Faransa, kamfanin Airbus ya gwada wani babban jirgi da ya tashi da kansa, yana kallon titi da idon kamara.

Haka kuma aka yi ta rage mutane. A da, ɗakin tuƙi na babban jirgi yana ɗaukar mutum biyar: matuƙi, da mataimakinsa, da mai kula da inji, da mai duba taurari da taswira don gane hanya, da mai magana ta rediyo. Na'ura ta cinye aikin mai rediyo, ta cinye na mai duba hanya. Daga farkon shekarun 1980 sababbin jirage suka fara fitowa ba kujerar mai kula da inji. Saura biyu. Yau a kusan dukkan jiragen fasinja matuƙi ne ke tada jirgi da hannunsa, kuma yawancin sauka da hannu ake yi. Amma tsakanin tashi da sauka, awa biyar ko awa goma, matuƙin ƙarfe ne ke riƙe da linzami.

Kada mu yi wa na'ura butulci. Tafiya cikin jirgi yau ta fi ta zamanin iyayenmu aminci nesa ba kusa ba, kuma na'ura tana da babban rabo a wannan. Ba ta gajiya. Ba ta fushi. Ba ta tunanin bashi ko rigimar gida. Akwai wadda ke yi wa matuƙi ihu in ya doshi dutse cikin duhu. Akwai wadda ke hango wani jirgi yana zuwa, ta ce wa wannan ya hau, ta ce wa wancan ya sauka. A daren 1 ga Yuli na 2002, a kudancin Jamus, jirage biyu suka doshi juna. Na'ura ta ce wa matuƙan jirgin Rasha su hau. Mutumin da ke ba da hanya daga ƙasa ya ce su sauka. Suka bi maganar mutum, suka bar ta na'ura. Jiragen suka yi karo, mutum 71 suka mutu, yawancinsu yara ƴan makaranta. Tun daga nan aka ƙarfafa doka: a irin wannan hali, na'ura ake bi.

Akwai ma abin da ya fi haka muni. A watan Maris na 2015 mataimakin matuƙin wani jirgin Jamus ya jira babbansa ya fita, ya kulle ƙofa, ya kai jirgin ga dutse da gangan a ƙasar Faransa. Mutum 150 suka halaka. Na'ura ba ta da zuciyar da za ta yi baƙi haka. Saboda haka wanda ya ce a cire ɗan'adam daga gaban jirgi, ba mahaukaci ba ne. Yana da hujja.

Amma ku zo mu duba abin da ya faru kusa da mu, a ƙasar Mali. A daren 24 ga Yuli na 2014, tsakiyar damina, wani jirgi ya tashi daga Wagadugu za shi Aljeriya, da mutum 116. Akwai hadari a hanya, matuƙa suka ratse don su kauce masa. Jirgi ya hau sama ƙwarai, aka miƙa tuƙi ga na'ura. Can sama akwai sanyi mai tsanani, ko da ƙasa ana zufa. Ƙanƙara ta toshe ƴan bututun da ke auna ƙarfin inji. Akwai abin ɗumama su, amma masu bincike sun gano ba a kunna shi ba. Bututun da suka toshe sai suka fara yi wa na'ura ƙarya. Suka ce mata inji yana aiki da ƙarfi, alhali ƙarfinsa bai isa ba. Na'ura ta yarda, ba ta ƙara mai ba. Gudun jirgi ya yi ta raguwa. An umurci na'ura ta riƙe jirgin a tsayi guda, don haka ta yi ta ɗaga hancinsa kaɗan-kaɗan don kada ya sauko. Fiye da minti biyar ana haka. Daga ƙarshe gudu ya yi kaɗan, fukafukai suka daina riƙon iska.  Matuƙa suka karɓi jirgi yana faɗuwa cikin duhu, ba su yi abin da zai cece shi ba. Ya faɗi a daji, a yankin Gosi. Ba wanda ya tsira.

Ku lura da abu biyu a nan. Na'urar ba ta lalace ba. Ta yi daidai abin da aka ce ta yi, har ta kai mutane ga halaka. Kamar yaron da aka aika da saƙo, aka ce kada ya tsaya ko'ina, ya ga gobara a hanya ya wuce ta ciki. Na biyu kuma, sai da abu ya ɓaci sarai ta miƙa wa mutum. Mai sauƙin ta riƙe, mai wuyar ta bar masa. Haka ya faru a 2009 ga jirgin Faransa da ya taso daga Barazil: ƙanƙara ta toshe ma'aunin gudu, na'ura ta saki tuƙi da tsakar dare bisa teku, matuƙa suka rikice, mutum 228 suka mutu.

Don me ƙwararrun matuƙa za su rikice? Mun san amsar a gida. Ɗan kasuwar da a da yake lissafin buhu arba'in da ka, tun da ya sami salula sai ya danna. Ranar da caji ya ƙare, sai ka gan shi yana ƙirga yatsu. Hannun da ya bar hauya shekara biyar, ranar da ya koma sai ya yi kanta. Kuma akwai wani abu game da ɗan'adam: ya iya aiki, amma bai iya gadi ba. Ka ba mutum noma, zai wuni yana yi. Ka ce masa ya zauna ya zura wa abu ido awa takwas, abin kuwa bai taɓa ɓaci ba, kafin awa guda hankalinsa ya tafi wani wuri. Na'ura ta mai da matuƙi mai gadi. Iyakar kyan da na'ura ta ƙara, iyakar sanyin da jikin mai gadi zai ƙara yi. Wannan shi ne kullin da har yanzu masu ilimi ke fama da shi.

Yanzu mu je ƙasar Habasha, don a nan ne maganar amana ta fito fili. Ran 10 ga Maris na 2019 wani sabon jirgi ƙirar Boeing 737 MAX ya tashi daga Adis Ababa za shi Nairobi. Bayan minti shida ya faɗi, mutum 157 suka mutu. Wata biyar kafin nan irinsa ya faɗi cikin teku a Indunusiya, da mutum 189. Me ya faru? Masu ƙera jirgin sun sa masa wata sabuwar na'ura mai danna hancinsa ƙasa in ta ga ya ɗaga da yawa. Suka sa ta dogara ga ma'auni guda tak. Kafin haɗarin farko, ba su ma bayyana ta cikin littafin da ake ba matuƙa ba. A jiragen nan biyu ma'aunin ya yi ƙarya. Na'ura ta yi ta danna hanci ƙasa, matuƙa suna ja sama, ita tana sake dannawa, har ƙasa ta tare su.

Da abin ya faru, wasu a Amurka suka yi saurin cewa matuƙan ne ba su ƙware ba. Gaskiya ne masu bincike sun sami kurakurai a aikin matuƙan. Amma da aka tona sosai, majalisar dokokin Amurka da kanta ta ɗora babban laifi a kan kamfanin da kuma hukumar da ta ba jirgin izini. Aka hana irin jirgin tashi kamar wata ashirin, sai da aka gyara shi. A farkon 2021 kamfanin ya yarda zai biya dalar Amurka biliyan biyu da rabi.

Mu koma ga amalankenmu. Ce wani attajiri ya ɗauki yaro aiki. Ya ba shi amalanke da sabon jaki, bai gaya masa jakin yana da wata ɗabi'a ba: in ya ji ƙarar mota sai ya zabura. Ya ce wa yaron, “Kada ka damu da igiya, jakin ya san hanya.” Ranar da jaki ya zabura ya take ɗan mutane, sai attajirin ya ce, “Ai yaro ne a kai, shi za a tambaya.” Wannan adalci ne? A ganina, wannan shi ne mafi munin tsari duka: a bar mutum bisa kujera, a raba shi da iko, a ɓoye masa halin abin da yake tuƙi, a aje shi don ranar neman mai laifi kawai. In za a bar mutum a gaba, to a gaya masa komi, a bar hannunsa ya riƙa taɓa linzami don kada ya mance, a ba shi ikon kashe na'ura in ta kauce. In ba za a yi haka ba, kada a kira shi matuƙi.

Sai wani ya ce: to a cire shi mana baki ɗaya, a huta. A nan ne za mu tambaya, me mutum ke yi wanda na'ura ba ta yi?

Ran 15 ga Janairu na 2009 wani jirgi ya tashi daga birnin Niyu Yok na Amurka da mutum 155. Bai yi nisa ba ya shiga garken manyan tsuntsaye irin dinya. Injinansa biyu duka suka mutu. Ƙasa kuwa gidaje ne cunkus, da miliyoyin mutane. Masu hasumiya suka ba shi titin sauka. Matuƙin, wani dattijo mai suna Chesley Sullenberger, ya auna da ido da hankali, ya ga in ya nemi titi yana iya faɗawa cikin gari. Ya zaɓi kogi. Mataimakinsa yana ta ƙoƙarin tada inji, shi yana tuƙi. Cikin minti uku da rabi suka kwantar da jirgin bisa ruwan kogin Hudson, cikin tsananin sanyi. Kowa ya fita da rai. A faɗi gaskiya, na'urar jirgin ma ta taimaka, don ta hana hancinsa ɗagawa fiye da kima. Amma shawarar barin titi a nufi kogi, ba ta cikin abin da aka rubuta mata. Na'ura ta san abin da masu yin ta suka hango. Ranar tsautsayi kuwa, sau da yawa ita ce ranar da ba wanda ya hango.

Ana cewa na'urorin yanzu suna koyo da kansu, kuma gaskiya ne sun yi nisa. Amma a nan ma akwai cikas. Hukumomin da ke ba jirgi izinin ɗaukar mutane suna son a nuna musu dalla-dalla abin da na'ura za ta yi a kowane hali. Na'ura mai koyo kuwa, wani lokaci ko wanda ya yi ta ba ya iya faɗin dalilin da ya sa ta zaɓi kaza ta bar kaza. Wa zai ba da ɗiyarsa ga wanda ba a san halinsa ba?

Akwai kuma shawarar a bar matuƙi a ƙasa, ya zauna cikin ɗaki yana tuƙi daga nesa. Mun san irin wannan a ƙasarmu. Sojojin Amurka sun yi sansani a Agadas, suna tada jirage marasa matuƙi daga 2019 har suka bar ƙasar a 2024. Ana kuma amfani da ƙananan jirage marasa matuƙi don alheri: a 2016 aka fara kai jini asibitocin ƙauye da su a Ruwanda, a 2022 aka fara kai magani da su a jihar Kaduna. Wannan abin yabo ne. In ɗaya ya faɗi, an yi hasarar kwalin magani, a aika wani. Amma jirgi mai mutum 300 fa? In sadarwa ta yanke, kamar yadda salula ke yanke mana ana tsakiyar magana? In wani mugu ya kutsa cikin sadarwar ya ƙwace linzami?

Ko da an magance waɗannan, akwai sauran magana. Ku tuna madugu, a zamanin fatake masu zuwa Gwanja, ko ayarin gishiri mai zuwa Bilma. Don me mutane ke yarda su bi shi cikin daji? Sanin hanya na ciki. Amma babban dalili shi ne yana cikin ayarin. Salkar da kuke sha ita yake sha. In ya ɓatar da ku, shi ma ƙishirwa za ta kashe shi. Matuƙin jirgi haka yake. Shi ne a gaba, shi zai fara isa inda za a faɗi. In ya ga jirgi ba lafiya ya ce ba zai tashi ba, ba don ku kaɗai ya faɗa ba, shi ma yana da ƴaƴa. Wannan tsoro nasa jingina ce da ya aje a hannunku. Wanda ke zaune a ofis a wata ƙasa, komi kirkinsa, in jirgi ya faɗi zai koma gida ya ci tuwo. Ban ce ba zai yi baƙin ciki ba. Na ce bai aje jingina ba.

Kuma wa zai ce “a'a”? Ku ji abin da ya sami alhazanmu. Ran 11 ga Yuli na 1991 wani jirgin haya ya ɗauki alhazai a Jidda za shi Sakkwato. Biyu daga cikin tayoyinsa ba su da isasshiyar iska. An san da haka. Makaniki ya nemi a ƙara, mai kula da tafiyar bai yarda a yi jinkiri ba. Wajen tashi tayoyin suka fashe, suka kama wuta, aka naɗe su cikin cikin jirgi da wutar. Mutum 261 suka rasu, ba wanda ya fita. Ba na'ura ce ta kashe su ba, gaggawa ce da gudun hasara. Na kawo wannan labari don mu tuna cewa a harkar jirgi kullum akwai mai duba agogo da mai duba aljihu. Ana bukatar wani a wurin, mai ikon tsayawa ya ce ba za a tashi ba. Na'ura ba ta gardama da wanda ya saye ta.

Na san abin da wani dattijo zai ce: in ajali ya zo, ko matuƙi goma ne a gaba ba su hana shi. Haka ne, ba mu musu. Amma malamanmu sun koya mana dogara ga Allah ba ta hana mutum ɗaure raƙuminsa. Kuma alƙali ba ya sallamar mai sakaci don ya ce ƙaddara ce.

Sai kuma halin ƙasashenmu. Jirgi ba ya sauka da kansa a ko'ina. Sai filin da aka kafa wa na'urori masu aika masa alama, da wutar lantarki wadda ba ta ɗaukewa, da ma'aikata masu duba su kullum. Filaye da yawa a Afirka ba su da irin wannan cikakken kaya. Ga hazo lokacin hunturu, wanda ke hana jirage sauka a Kano da sauran garuruwan arewa. Ga guguwar farkon damina mai ɗauke rufin ɗaki. Tsofaffi suna tune da 22 ga Janairu na 1973, ranar da jirgin alhazai daga Jidda ya yi haɗari wajen sauka a Kano, mutum 176 suka rasu. Da irin na'urorin yau, wataƙila da wasu haɗurran irin wannan ba su faru ba, shi ya sa muke son su iso mana. A Yamai akwai makarantar da ke koyar da masu ba jirage hanya da masu duba yanayi, ɗalibai suna zuwa daga ƙasashen Afirka da dama. Ƙarfafa irin wannan, da gyaran filayenmu, shi ya fi mana gaggawa bisa ga cire matuƙi.

To, ina muka tsaya? Ni dai ba na gaba da na'ura. Injin niƙa ya hutar da matanmu, famfo ya hutar da masu jan guga a rijiyoyinmu masu zurfi. Neman sauƙin kuɗin jirgi ma ba laifi ba ne, don talaka mai tara kuɗin Hajji shekara ashirin shi zai fi kowa murna. Wataƙila wata rana jikokinmu su shiga jirgi ba matuƙi, hankalinsu kwance. Mai yiwuwa da jiragen kaya za a fara. Amma ranar da aka cire matuƙi, amanar ba ta ɓace ba. Ta tashi daga wuyansa ta koma wuyan wanda ya ƙera, da wanda ya rubuta wa na'ura umurni, da mai kamfani, da hukumar da ta sa hannu. Waɗannan kuwa suna nesa, suna da yawa, kowa yana iya nuna ɗan'uwansa. Akwai yarjejeniyar ƙasashe ta 1999 da ta ɗora wa kamfanin jirgi biyan diyya. Amma matar da mijinta bai komo ba, ba kuɗi kaɗai take nema ba. Tana so ta san wa ya yi sakaci, ta ji ya amsa da bakinsa. Kafin a cire matuƙi, sai a nuna mana wanda za a kira gaban mai gari, da sunansa.

Masu mulkin harkar ma ba su gamsu ba tukuna. Shawarar da aka fi turawa ita ce, in jirgi ya daidaita a sama, matuƙi guda ya je ya kwanta, guda ya zauna shi kaɗai. Hukumar kula da lafiyar jiragen sama ta Turai ta sa aka yi bincike na shekaru a kai. A 2025 aka fito da sakamako: da irin ɗakin tuƙin da ake da shi yanzu, ba a iya nuna cewa mutum guda ya kai biyu aminci ba. Dalilan da aka kawo, duk mai hankali zai gane su. In wanda ke zaune ya suma, wa zai sani? Ba tatsuniya ba ce: a watan Oktoba na 2024 matuƙin wani jirgin Turkiyya ya rasu ana cikin tafiya, abokan aikinsa ne suka saukar da jirgin a Niyu Yok. In gyangyaɗi ya ɗauke shi fa? In aka tada na barci cikin gaggawa, minti nawa zai yi kafin hankalinsa ya komo? In ya danna abin da ba shi ba, wa zai ce masa, “Malam, duba dai”? Har da wata ƙaramar magana da ta tsaya wa manyan injiniyoyi a wuya: in mutum guda ne bisa kujera, ga jama'a 300 a bayansa, sai cikinsa ya murɗa yana bukatar kewayawa, wa zai zauna masa kafin ya komo?